Yadda Za Ka Ƙera Ƙotar Ƙarfe Ta Wuƙar Balisong A Gida

Wuƙar balisong ba ta da kube, ƙotarta ce kubenta. Ƙotar biyu ce, kowace tana juyawa a kan ƙusarta a gindin ruwan wuƙar. In an rufe, su haɗu su haɗiye ruwan. In an buɗe, su kewayo baya su manne su zama mariƙi guda. Wannan buɗewa da rufewa ce ta sa Turawa suka laƙaba mata sunan malam-buɗe-littafi. Samari da yawa a bidiyon waya suka san ta, inda za ka ga yaro yana wulwula ta tsakanin yatsu har ido ya kasa bi, kuma tambayar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce: mutum zai iya ƙera ƙotar da kansa ba tare da babban inji ba? Ƙwarai zai iya. Sai dai mai farawa ado yake hange, zane da ƙyalli, alhali kuwa ƙotar balisong a wurin huda take gyaruwa, a nan kuma take lalacewa. Ramukan da za ka huda a kowace ƙota huɗu ne rak, kuma in suka karkace, babu gogewar da za ta ceci aikin.

Gidan wannan wuƙa ƙasar Filifin ce, lardin Batangas da ke kudu da birnin Manila, musamman garin Taal, inda har unguwa akwai mai suna Balisong. Mutanen wurin suna danganta kafuwar sana'ar a garin ga wani maƙeri mai suna Perfecto de Leon, wajen shekarar 1905. Wadda aka fi sani a cikin irin nasu tsawonta santimita 29 ne in an buɗe. Maƙeran Batangas sukan lanƙwasa fallen tagulla ya zama kwaroro, su lulluɓe bayansa da ƙahon ɓaunar ruwa ko ƙashi ko katako mai tauri, ruwan kuma su ƙera shi da tsohon sifirin na mota ko zoben boris. Sojojin Amurka ne suka riƙa tafiya da ita gida tsaraba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1979 Les de Asis ya kafa kamfanin Bali-Song a Kalifoniya, wanda daga baya ya zama Benchmade. Daga baya ne aka shiga yanka ƙota da injin kwamfuta. Abin lura a wurinmu shi ne, mutanen Taal da guduma da magagari da zarto suka yi suna, kayan da ba su fi ƙarfin ƙaramin shago ba.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka san da wannan. A Birtaniya an haramta sayar da balisong mai kaifi da shigo da ita tun 1989, Jamus ma ta haramta ta a 2003. A garuruwanmu kuwa, da ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, saurayin da aka tsayar aka samu wuƙa a aljihunsa ba zai samu mai sauraron bayanin cewa wasan yatsu yake koyo ba. Don haka duk abin da zan faɗa a nan, a kan irin ta koyo na gina shi, wadda ruwanta fallen ƙarfe ne marar kaifi, marar tsini. Ƙotarsu iri ɗaya ce, juyinsu iri ɗaya, kuma yatsunka goma za su kai gobe. Ita ɗin ma a gida ya kamata ta zauna.

Hanya biyu ake bi wajen gina ƙotar. Akwai ta kwaroro, wato a ɗauki sandar ƙarfe guda a rarake tsakiyarta, ko a lanƙwasa falle irin na mutanen Batangas. Rarakewa sai da injin sassaƙa ƙarfe, lanƙwasawa kuma tana son hannun da ya daɗe a sana'a, domin kwaroron kan buɗe baki a wani wuri ya tsuke a wani. Akwai kuma ta haɗi: falle biyu, a sa guntun ƙarfe a tsakaninsu can wajen wutsiya, a ɗaure da sukuru. Wannan ita ce ta mai aikin gida. Ƙota biyu, falle huɗu ke nan, da ƙarfen tsakani biyu. In falle ɗaya ya ɓaci, shi kaɗai za ka sake.

Wane ƙarfe? A nan sai an ɗan yi lissafi, domin nauyi ne ran wannan wuƙa. Waɗanda masu wasa da ita suka fi so nauyinsu yakan tsaya tsakanin giram 100 zuwa 130, duka da ruwan. Ɗauki falle mai tsawon milimita 140, faɗi 13, kauri 4. In alminiyom ne, nauyinsa kusan giram 20, huɗun su tashi giram 79. In baƙin ƙarfe ne, huɗun za su kai giram 229. In tagulla ce, giram 248, ninki biyu na nauyin wuƙar gaba ɗaya, tun ba a sa ruwa ba. Tagulla tana da kyan gani, tana kuma da daɗin aiki a ƙarƙashin magagari, amma in ita kake so, sai ka rage kaurin zuwa milimita 2 ka kuma huda mata ramukan rage nauyi, kuma duk da haka wuyan hannunka zai gaya maka. Manyan kamfanoni suna son ƙarfen titaniyom, wanda nauyinsa ke tsakanin alminiyom da baƙin ƙarfe, amma yana da tsada, yana cin bakin huda, kuma ba na mai farawa ba ne.

Alminiyom dai za ka nema, amma ba kowanne ba. Nemi mai lamba 6061, in da hali wanda aka rubuta wa T6 a gaba, alamar an gasa shi ya yi tauri. Mai lamba 7075 ya fi shi ƙarfi, ya fi shi wuyar samu. Wanda ake harhaɗa tagogi da shi ya cika sirantaka da laushi, faɗuwa biyu a siminti ya lotsa. Wanda aka narkar aka zuba a ƙasa, irin na tukwane, shi ne ya fi kowanne yaudara: a ido sumul, a ciki cike da 'yan kumfar iska, kuma daidai wurin ƙusar juyi yake tsagewa. A wurare irin Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano akan samu ragowar farantin alminiyom da aka cire daga tsofaffin injuna, sau da yawa ba lamba a jiki. Gwajinsa ba wuya. Matse siririn yanki a bais ka tanƙwara da hannu. In ya bi ka ba gardama ya tsaya a lanƙwashe, bar shi. In ya yi taurin kai yana neman komowa, shi ne. Goga masa magagari kuma ka gani: mai kyau gari yake zubarwa, mai laushi kuwa danƙo yake yi ya toshe haƙoran.

Ruwan ne ke yi wa ƙota umarni, don haka shi za ka fara samu. In sayo na koyo ka yi, an riga an gasa shi ya yi tauri, kada ka ɓata bakin huda a kansa, ka auna shi kawai ka gina ƙota daidai da shi. In kai za ka yanka, fallen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ya isa a karon farko, a zagaye bakinsa da gefensa, a huda masa ramuka a jiki ya rage nauyi. Awo uku za ka rubuta ka ajiye: kaurin ruwan, faɗin ramukan juyi biyun da ke gindinsa, da tazarar da ke tsakanin cibiyoyinsu. Da ma'aunin kalifa ake wannan, rula ba ta ganin rabin milimita.

Ga misalin da lissafinsa ya daidaita. Tazarar ramukan juyi milimita 14, faɗin ƙota 13. Ramin juyi ya zauna a tsakiyar faɗin fallen, milimita 6.5 daga kowane gefe, kuma 6.5 daga kan fallen. Za a zagaye kan ya zama rabin da'ira. Dalili shi ne, ƙotocin biyu suna juyawa kusa da juna, in kusurwa ta rage a kan ɗaya, za ta tokare ɗayar a tsakiyar hanya. Shida da rabi sau biyu sha uku ne, tazara sha huɗu, saura milimita ɗaya na numfashi. A wutsiya, ƙarfen tsakani ya ci milimita 21 na ƙarshe. Wannan ya bar wa ruwan wajen milimita 112 daga ƙusar juyi, saboda haka kada tsawonsa daga ƙusar ya wuce 108, in ba haka ba bakinsa zai riƙa dukan ƙarfen tsakanin duk rufewa.

Kada ka taɓa ƙarfe tukuna. Zana duk wannan a kwali mai kauri, ka yanka, ka soka ƙananan ƙusoshi a wurin juyi, ka buɗe ka rufe. In akwai filawud siriri, ya fi. Rabin sa'a a kan kwali zai nuna maka inda abu ke tokarewa, kuma kwali ba ya sa mutum takaici.

A kan kwalin ne kuma za ka warware maganar birki, wato abin da ke tsayar da ƙota in ta kai iyakar buɗewa ko rufewa. Tsohon salo shi ne a dasa ƙusa a gindin ruwan, ta leƙo ta kowane gefe, ƙotocin su riƙa dukanta. Da tagulla ko baƙin ƙarfe wannan yana tafiya. Da alminiyom kuwa, ƙusar za ta yi ta cin wurin da take duka har ya faɗa, ƙotocin su fara karo da juna. Abin da ya fi shi ne a sa ƙusar birkin a cikin ƙotar kanta, ta ratsa tsakanin fallayen biyu, ta yadda ƙarfe mai tauri ne zai riƙa haɗuwa da gindin ruwan. A misalinmu, ƙusa mai kaurin milimita 3, a zaunar da ita milimita 11 ƙasa da ramin juyi, milimita 3.5 daga bayan ƙotar. Lura da wane gefe ne baya: shi ne wanda ke waje in wuƙar tana rufe, ya koma ciki in an buɗe. Mutane da yawa a nan suke juya lissafi. In an rufe, ƙusoshin biyu suna nesa da juna, suna riƙe da wuyan ruwan, wanda faɗinsa a wurin zai zama milimita 17. In an buɗe, sun matso kusa, suna matse ɗan harshen da aka bari a ƙarshen gindin ruwan, mai faɗin milimita 5. Ka bar wa wuyan da harshen rarar nama, milimita ɗaya a kowane gefe, sai a ƙarshe za a ci su a hankali.

Ita ƙusar birkin, ƙusar kafinta ba za ta yi ba, lanƙwashewa take. Je wurin makanike ka nemi 'yan sandunan da ke cikin tsohon boris mai allurai, ko ka yanki gindin bakin huda da ya karye. In kaurin da ka samu bai kai 3 ba ko ya ɗara, sai ka gyara lissafin daidai da shi.

To, yanzu ƙarfe. Yanka fallaye huɗu da zarton ƙarfe, kowanne ka bar masa rarar milimita ɗaya. Shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil mai santsi, ka goge fuskar da za ta kalli ciki har ta kwanta sumul. Sannan ka haɗa su bibbiyu, ka ɗiga sufa gulu ɗigo uku a tsakani, ka matse a bais. Daga yanzu har ƙarshen huda da sassaƙa, fallaye biyun nan abu ɗaya ne. Dabarar ke nan da ta fi kowace muhimmanci a aikin: ramin da aka huda a tare ba ya saɓa wa ɗan'uwansa. In ka huda su ɗai-ɗai, ko da ka auna sau goma, za a samu bambancin da ido ba ya gani, ƙusar juyi ta zauna a karkace, ruwan ya riƙa gogar bango ɗaya. Sa wa kowane haɗi alama, wannan ɗigo ɗaya, wancan biyu, a fuskar da za ta ɓoye.

Shafa maka baƙa a saman fallen, ka ja layukanka da tsinin allura a kan baƙin, za su fito fes. Inda layi ya gicciye layi, kafa ƙarfe mai tsini ka ɗan buga da guduma sau ɗaya, a hankali. Duba da kyau. In ɗigon ya kauce, karkata tsinin ka kora shi inda ya dace kafin ka zurfafa. Bakin huda ɗigon nan yake bi, ba ya bin layi.

Injin huda na hannu ba zai ba ka rami a miƙe ba, komai ƙwarewarka. Ana buƙatar na tsaye, mai tebur. In ba ka da shi, ɗauki fallayenka da awonka ka tafi shagon da ke da shi, ka biya, ka tsaya a kai. Kafin a fara, a duba teburin yana kwance daidai da bakin, domin na shaguna da yawa sun sha wuya sun karkace. A ɗaure aikin a bais ko da matsi, kada a riƙe da hannu. In bakin ya cafki falle ya fizge, fallen zai koma yana juyi yana yankan duk abin da ya tarar. Naɗe hannun riga, kada ka sa safar hannu kusa da inji mai juyawa, ka sa tabarau.

Ramin juyi ake fara hudawa, kuma hawa-hawa. In ƙusar juyin milimita 5 ce, fara da baki mai 2.5, sannan 4.8, sannan a ƙarasa da ƙarfen gyara rami da masu inji ke kira rima, mai 5 cif. Bakin huda mai 5 yakan ba da ramin da ya ɗan ɗara 5, kuma wannan ɗan ɗarin shi ne girgizar da za ka riƙa ji har abada. In babu rima, gwada bakin a ragowar falle tukuna, ka ga ko ƙusar na shiga da ɗan turi. Ɗiga kananzir a kan alminiyom yayin huda, yana hana shi manne wa bakin, kuma ka riƙa ɗagawa kana fitar da tarkace. Tagulla ba ta bukatar mai, amma tana da halin fizgar baki daidai lokacin da zai ɓulla, saboda haka masu aikinta kan ɗan dakusar da kaifin bakin da dutsen wasa wuƙa. Da ramin juyi ya fito, zura ƙusa a ciki ka bar ta, sannan ka huda na birki da na wutsiya biyu. Na birki a huda shi da 2.9, daga baya a buɗe na falle ɗaya zuwa 3, don ƙusar ta kafe a ɗaya ta zame a ɗayan, ka iya kwance ƙotar in bukata ta taso. Na wutsiya a huda su da 2.5, wanda shi ne daidai da tiredin sukuru mai lamba M3. Bayan an raba fallayen, a yanka tiredi a ɗaya, a buɗe ɗayan da ƙarfen tsakani zuwa 3, a yi wa kan sukurun gurbi ya nutse. Wajen yanka tiredi, rabin juyi gaba, kwata baya, da ɗigon kananzir. Abin yankan siriri ne, in ya karye a ciki fallen ya tafi.

Kaurin ƙarfen tsakani shi ne kaurin ruwa a haɗa da washa biyu. Ruwa 3, kowace washa rabin milimita, jimla 4, wanda ya yi daidai da kaurin fallen da ka riga ka saya, sai ka yanko daga ragowarsa. In ya gaza, ƙotar za ta tsuke a wutsiya ta riƙa murƙushe ruwan. In ya ɗara, ta buɗe baki, juyin ya yi sako-sako. Washar ita ce ke shiga tsakanin ruwa da falle a kowane gefe, kuma ta tagulla ake so, ba ta baƙin ƙarfe irin ta shagon noti ba, wadda za ta ci alminiyom ɗin. In ba ka samu ta saye ba, matse siririn fallen tagulla tsakanin katako biyu ka huda, ka yanka da almakashi, ka jera su a jikin noti ka ɗaure, ka sa a injin huda yana juyawa kana goga magagari har su zama da'ira mai faɗin milimita 10. Ka kwantar da kowace a samfefa kan gilashi.

Ƙusar juyi mafi sauƙi ita ce mai mace da namiji, bututu mai tiredi a ciki da sukurun da ke shiga cikinsa. Bututun ya ɗan gaza jimlar kaurin ƙotar, in ba haka ba sukurun zai ƙure kafin ya matse komai. Tsofaffin maƙeran Batangas sandar ƙarfe suke zurawa su daddale kanta biyu da guduma. Yana da ƙarko, sai dai ba kwancewa. In wannan za ka bi, saƙala reza tsakanin washa da falle kafin ka fara bugu, ka zare ta bayan ka gama, don juyin ya samu sarari. Wuƙaƙen kamfani masu tsada suna da bushin a cikin ramin ruwan, ɗan zobe da ya ɗara ruwan kauri da abin da bai kai kaurin takarda ba, ta yadda ko an ɗaure sukuru tamau ƙotar tana lilo. Yana da daɗi ƙwarai, amma a bar shi sai ƙota ta biyu.

Tun fallayen suna manne za ka sassaƙa siffarsu, da ƙusoshi a cikin ramukan. Shafa alli a magagari kafin ka fara, yana rage toshewa, ka riƙa share shi da burushin waya. Kada ka kai alminiyom kan dutsen giranda. Yana narkewa ya like a jikin dutsen, dutsen ya yi zafi, yana iya tarwatsewa. Kuma kada ka bari garin alminiyom ya taru wuri ɗaya da garin ƙarfe mai tsatsa inda tartsatsi ke sauka, haɗin nan wuta yake kamawa mai tsanani. Share wurin kafin ka sauya ƙarfe. In siffa ta fito, ɗan ɗumama haɗin ko ka jiƙa shi da ruwan goge farce, gulun zai saki.

Sai haɗawa ta gwaji, wadda nan ne haƙuri ke ƙarewa. Haɗa komai, ka buɗe. Saboda rarar naman da ka bari a harshen gindin, ƙotocin za su tsaya a wage. Kwance, ka ci harshen da magagari shafa uku ko huɗu a kowane gefe, daidai wa daida, ka mayar. Haka za ka yi ta yi. Abin da ake nema shi ne ƙusoshin birki su kama harshen alhali akwai sauran tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin wutsiyoyin ƙotocin, wadda za ta rufe in ka matsa da hannu. In ka ci har wutsiyoyin suka haɗu kafin birki ya kama, ka zarce, ruwan zai riƙa kaɗawa a buɗe, kuma naman da aka cire ba ya komawa. Ka riƙa hangen wuƙar daga sama kana duba ko ruwan yana miƙe da layin tsakiyar ƙotocin. In ya karkata dama, gefe ɗaya ya fi ci. Haka za ka maimaita a wuyan ruwan don rufewa. Ƙugiyar da ke kulle wutsiya kuwa, masu wasa da yawa cire ta suke yi saboda tana shiga hanya tana dukan ruwa. Kada ka wahalar da kanka da ita.

Yanzu ne lokacin adon da ka ƙosa a kai, kuma shi ma aiki yake yi. Kashe duk wata kusurwa ta waje da magagari har ƙotar ta kusa zama kewayayya a hannu, domin a kan yatsa take birgima, kusurwa kuwa kanta take fitarwa. Alminiyom da aka goge ya yi sheƙi santsi gare shi, da gumi ya zo sai ya kuɓuce. Tsaga masa 'yan layuka a gicciye da magagari mai zagaye, musamman a rabin da ke wajen wutsiya. Samfefa kuma a bi ta daki-daki, 120, 240, 400, a tsaya nan ko a 600. Ƙotar da ke fuskantar gefen da a wuƙar gaske shi ne kaifi, yi mata wata alama da yatsa zai gane ba sai an duba ba, tsaga ɗaya mai zurfi a wutsiya ta isa. Masu koyo da ita suke sabawa da wace ƙota ake riƙewa.

Ramukan rage nauyi kada ka huda su don ka ga wasu sun yi. Buɗe wuƙar, ka riƙe ƙota ɗaya ka bar ɗayar ta yi lilo, ka juya ta 'yan kwanaki ka ji halinta. In tana jin nauyi a wajen ƙusa, ta ƙi ɗaukar gudu, wutsiya ce ke son ƙari. Ƙarfen tsakani na alminiyom giram 3 ne, na tagulla mai girman nan giram 9, kuma giram shidan nan a ƙarshen ƙota hannu yana jin su sarai. In kuwa tana fizgar hannu, sai ka huda ramuka a kusa da wutsiya, ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa, kuma kada rami ya matso gefen falle fiye da milimita 3.

Alminiyom tsirara yana baƙanta tafin hannu. Fenti ba ya daɗewa a kansa, ɓarewa yake yi a wuraren duka. Launin da kake gani a na kamfani da asid da wutar lantarki ake yin sa, kuma ba aikin tsakar gida ba ne inda yara ke yawo. Ka wanke ƙotar da sabulu, ka shafa mata ɗan kakin goge mota, baƙin zai ragu sosai.

A ɗaurin ƙarshe, wanke sukurori da ramukansu su rabu da mai, ka ɗiga wa tiredin maganin kulle sukuru, shuɗin Loctite mai lamba 243. Ja kada ka kusance shi, sai da wuta yake kwancewa. Matse sukurun juyi har ƙotar ta ƙi motsi, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan har ta faɗo da nauyinta in ka sake ta. Girgiza wuƙar kusa da kunne, in ka ji ruwan yana ƙwanƙwasa bango, ƙara matsewa ɗan ƙanƙani. Ajiye ta kwana guda maganin ya kama. Washa kuma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe ta, a goge rarar, domin da hunturu ƙura tana haɗuwa da mai ta zama abin da ke cin tagulla. Makon farko a kan katifa ko tabarma za ka yi ta jujjuya ta, kana duba sukurorin kowace safiya.